Algaita a Cikin Memori: Auna Kiɗa Daban, Auna Ɗauka Daban

Duk faifan da aka naɗi kiɗan taron makaɗa a cikinsa yana ɗauke da aikin hannu biyu. Akwai na waɗanda suka kaɗa, suka busa, suka rera. Akwai kuma na wanda ya zaɓi inda zai kafa makirfo ya danna rikoda. Mai saurare yakan haɗe su ya yanke hukunci guda, ya ce kaset ɗin nan ya yi daɗi ko kuwa ba shi da armashi. Masu sharhin fayafayan okestira a Turai, wato babbar ƙungiyar makaɗan nan mai mutum tamanin zuwa ɗari, sun daɗe da raba makin gida biyu. Mujallar kiɗa ta BBC, alal misali, taurari daban take ba wasan makaɗa, daban take ba ɗaukar sautin. Wannan rabo yana da amfani ga kiɗan Hausa, musamman yanzu da kowane mai waya ya zama mai ɗauka, masu sayar da na'urori kuma suna tallar fayil mai "babban inganci" kamar lambar da ke jikinsa ita ce kiɗan.

Abin da ya fi kusa da okestira a ƙasar Hausa shi ne kiɗan fada, inda kakaki da farai da algaita da tambari da jauje da ganguna ke haɗuwa, kowanne da muryarsa da lokacin shigarsa. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma kakaki da tambari kayan manyan sarakuna ne. A kudancin Kano, a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kunne ya fi sabawa da algaita da gangunanta a bayan hakimi ranar hawan salla, da kalangun mahauta da na 'yan dambe bayan kaka, da gangar noma a gayya, da kiɗan 'yan tauri da mafarauta, da sarewar Fulanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore. Ƙungiyoyin ba su kai na Turai yawa ba, sai dai wahalar da suke ba mai ɗauka iri ɗaya ce: abubuwa da yawa suna ƙara lokaci guda, wani ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ana so a ji kowa.

Wajen auna wasan makaɗa, abin dubawa na farko shi ne ko kiɗan yana magana. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu kuma an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, amo ya hau, ya saki, amo ya sauka. Gwani idan ya kaɗa taken wani mahauci ko ɗan dambe, mai taken zai miƙe tun ba a ambaci sunansa ba. Wanda hannunsa bai faɗa ba zai iya cika fili da ƙara amma taken ya ƙi fita, dattawan da ke gefe su ce wannan duka kawai yake yi. Abu na biyu shi ne zaman ganguna da juna. Babba ce ke magana, ƙananan suna riƙe da zaren kiɗan ba sa saki. Idan wasa ya yi zafi kiɗa yakan ƙara sauri, kuma babu aibi muddin tare aka ƙara. Aibin shi ne yaro ɗaya ya tsere wa sauran, ko a ji uban kiɗi yana jan su kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Mai algaita kuwa numfashinsa ake saurare. Yana cika kumatu da iska, ya ci gaba da turawa da su yayin da yake shaƙa ta hanci, don haka busar ba ta yankewa. A wurin ƙwararre ba a gane inda ya shaƙa. A wurin ɗan koyo amon yakan ɗan rusuna duk bayan 'yan sakanni, kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata.

Inda ƙungiya ta fi bambanta da ƙungiya shi ne amshi, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi bayanin hanyoyinsa dalla-dalla a rubuce-rubucensa. 'Yan amshin Mamman Shata gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma yana zubo ɗiya yadda suka zo masa nan take. Nauyin waƙar duka a wuyansa yake. Ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo ta kotso ba haka take ba. Can an zauna an tsara waƙar, an yi ta bita, jagora ya fara magana yaransa su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, har rabin zancen ya kasance a bakinsu yake. Haka gidan Narambaɗa, haka na Sa'idu Faru. Wanda ya auna Ɗanƙwairo da mudun Shata zai ce jagoran ya cika hutawa, wanda ya auna Shata da mudun Ɗanƙwairo zai ce yaransa ba su da aiki, dukansu kuma sun kauce. Wannan bambanci yana bin mai ɗauka har wurin aikinsa: makirfo ɗaya a bakin Shata ya kama mafi yawan abin da ake nema, makirfo ɗaya a bakin Ɗanƙwairo kuwa ya zubar da rabin waƙa.

Mai sharhin okestira yana da wani sauƙi a nan. Kiɗan Beethoven a rubuce yake, saboda haka idan aka yaba wa Carlos Kleiber kan sinfoniya (dogon kiɗan okestira) ta biyar ta Beethoven da ya jagoranci makaɗan Biyana suka naɗa a 1974, ana gwada shi ne da takarda da kuma ɗimbin waɗanda suka kaɗa abu guda kafinsa da bayansa. Shata kuwa bai cika rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Bakandamiyarsa ma kala-kala ce a hannun mutane, tsawonsu ba ɗaya ba. Kowace ɗauka ita kaɗai ce shaidar wannan daren, idan ta lalace babu takardar da za a koma a duba.

Ɓangaren ɗauka yana farawa ne daga tazara, tun kafin a zo maganar na'ura. A 1954 injiniyoyin kamfanin Decca na Landan suka fito da dabarar ɗora makirfo uku a kan sanda mai siffar harafin T, a ɗaga su kusan mita uku a saman inda madugun makaɗa ke tsayawa, wurin da sautin kowa ya riga ya gauraya. A shekarar ce kuma kamfanin RCA ya naɗi makaɗan Shikago ƙarƙashin Fritz Reiner da makirfo ƙalilan, har yau kuma masu gwada manyan sifikoki suna komawa ga waɗannan fayafayai. A shekarun 1970 aka shiga yayin kafa wa kowane rukuni makirfonsa, a koma ɗaki a daidaita da maɓallai. Sautin ya fi fita tar, amma sau da yawa sarewa ɗaya takan fito da girman ƙaho goma, abin da mai zaune a zauren bai taɓa ji ba. Abubuwan da mai sharhi ke nema ba su da yawa: ko idan ya rufe ido zai iya nuna inda kowane makaɗi yake, ko kayan kiɗan sun fito da muryarsu ta gaskiya, ko kuma wurin da aka yi sanyi-sanyi ya bambanta da wurin da aka tashi da ƙarfi ko an danne su sun zama kai ɗaya.

Ana iya ganin yadda duk waɗannan ke rushewa a ƙofar gidan hakimi ranar hawa. Saurayi ya kutsa cikin taro, ya ɗaga waya, ya kai ta daf da bakin algaita domin hoton ya fito da kumburarrun kumatun mai busa. Algaita kuwa an yi ta ne don a ji ta daga nesa, a fili, a kan ƙarar kofatai. Daga taku biyu ƙarfinta ya fi ƙarfin ɗan makirfon waya, sai saman amon ya tsage ya koma kamar ana yaga yadi. Wayar kuma tana rage ƙara da kanta: da zarar busa ta taso sai ta danne komai, gangunan da ke baya su nutse, mai busa ya ɗan tsagaita, ta sake buɗewa, hayaniyar taro da ƙugin janareta su taso kamar ruwa ya ɓalle. 'Yan bindiga suka saki harbi, sai a yi sakan guda ba a jin komai. A gefe sanƙira yana riƙe da makirfon lasifika, muryarsa ta riga ta fashe tun daga bakin ƙahon kafin ta iso wayar. Idan sallar ta faɗo a hunturu, iska ta ƙarasa sauran. Da yamma a tura wa 'yan uwa a Kano da Legas, su saurara su ce makaɗan bana ba su kai na da ba, alhali makaɗan sun yi aikinsu. Da saurayin ya ja baya taku goma sha biyar, ya tsaya inda dattawa ke zama, ya kare makirfon daga iska, da wannan wayar dai ta kamo algaita da ganguna a zaune tare, kowa a matsayinsa.

Wuri ma yana cikin kayan kiɗa. A babban zauren Musikverein na Biyana, wanda aka buɗe a 1870, sauti yakan yi kusan sakan biyu yana yawo kafin ya mutu, wannan jinkiri kuma shi ke narka goge talatin na Turawa su zama murya ɗaya. Kalangu da kotso akasin haka suke so, don kalmominsu gajeru ne masu bin juna da sauri, doguwar amsa-kuwwa cakuɗa su take yi. Soron ƙasa mai kauri, da tabarmi a shimfiɗe da mutane a zaune, ya fi dacewa da su fiye da ɗakin taron siminti mai tayil da rufin kwano, irin wanda yanzu ake kai bukukuwa. Yanayi ma yana da hannu. A Doguwa da duwatsun Riruwai, inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, fata takan saki da damina har sai an shanya ta a rana ko an gasa a gefen wuta, da hunturu kuma ta ɗaure ta yi kaifi. Wanda ya ji ganga ta yi nauyi a ɗaukar watan Agusta ya ɗora wa na'ura laifi bai san fata ba.

Sai lambobin da ake talla da su. Na'urar zamani tana auna sauti ne sau dubbai a kowane sakan, ta rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana yin awo sau 44,100 a sakan, kowane awo da bit 16. Ƙa'idar lissafin ita ce, na'ura tana iya riƙe sautin da saurin kaɗawarsa bai wuce rabin yawan awonta ba, wato kusan 22,000 a sakan ga CD. Kunnen yaro mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa, na babba kuma yana ja baya da shekaru. Kowane bit yana ƙara kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) shida ga tazarar da ke tsakanin mafi sanyin sauti da mafi ƙarfi, don haka 16 ya ba da 96. Kaset tsakanin 50 da 60 yake. Abin da ake kira babban inganci shi ne abin da ya haura wannan: awo 96,000 ko 192,000 da bit 24, ko tsarin faifan SACD da ya fito a 1999. Kuɗinsa wurin ajiya ne. Minti ɗaya na CD yana cin megabait goma, na awo 96,000 da bit 24 yana cin kusan 35, na MP3 ɗin da aka saba turawa kuwa ɗaya tak.

An gwada ko kunne yana jin bambancin. A 2007 wasu masu bincike biyu a Boston ta Amurka, Brad Meyer da David Moran, sun riƙa kunna wa mutane faifai mai babban inganci, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage shi zuwa matakin CD, ba tare da mai saurare ya san wanne ne ba. A gwaji 554 an dace sau 276, daidai da abin da mai rufe ido ya canka zai samu. An soki binciken da cewa wasu fayafayan daga tsofaffin tef aka kwafo su. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18 ya haɗa sakamakonsu, ya samu cewa akwai bambanci, amma ɗan kaɗan ne, kuma ya fi fitowa ga waɗanda aka horar da kunnensu. Duk wannan a ɗaki ne mai shiru, da kayan da kuɗinsu zai sayi gona. Ratar da ke tsakanin CD da abin da ya fi shi ba ta kama ƙafar ratar da matsar da makirfo taku uku ke kawowa ba.

Hanyar da kiɗa ke bi ya isa kunne a wannan yanki ma ta isa ta kashe gardamar. A Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Falgore ta rabu da ta Zariya, direba yakan miƙa wa mai turi memori ya ce a cika masa, a haɗa da Shata da Ɗanƙwairo da waƙoƙin siyasa da wa'azi. Ba ya tambayar bit nawa ne. Yawa yake so, mai turi kuma ya san haka, saboda haka ƙananan fayiloli yake tarawa. Waƙar Ɗanƙwairon da ke ciki ta yiwu daga rediyo aka ɗauke ta a kaset, aka kwafa daga kaset zuwa kaset har ba a san sau nawa ba, aka zuba a kwamfuta, aka matse, wani ya ɗora a intanet, wani ya sauke ya sake matsewa. Daga nan ta fito ta sifikar motar da ke ɗauke da buhunan masara, ko ta 'yar rediyon da mai noman rani ya rataya a ƙasan madatsar ruwa ta Tiga. MP3 yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da ya ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, abin da ya fi shan wahala a hannunsa kuma shi ne kaifin farkon bugu, wato ainihin abin da ke bambanta saukar lanƙwasasshen icce a kan kalangu da saukar yatsu a kan kotso. Matsa ɗaya mai kyau ba ta cika yin illa ba. Matsa a kan matsa ita ke mayar da ganguna kamar ana dukan katifa.

Ta nan wata yaudara ke shigowa, ta ɗaukar fayil da ya riga ya lalace a mayar da shi awo 96,000 da bit 24, a ce an gyara. Kunun da aka tsinke da ruwa, juye shi a babbar ƙwarya ba ya dawo masa da kauri. Kasuwar Turai ma ta sha fama da fayiloli masu manyan lambobi waɗanda daga CD aka hura su. Akwai kuma gyaran gangar Auzinawa: manhajar share shuuu ɗin kaset idan aka tsananta mata takan tafi da numfashin mawaƙi da kaifin haruffa irin su s da ts, ta bar murya kamar daga cikin tulu.

Mummunar ɗauka dai ba ta kashe babban wasa. Sinfoniya ta tara ta Beethoven da Wilhelm Furtwängler ya jagoranta a Balin a watan Maris na 1942, ana tsakiyar yaƙi a ƙarƙashin mulkin Nazi, sautinta a cushe yake, yana fashewa duk inda aka tashi da ƙarfi, amma masana ba su daina komawa kanta ba. Haka abin da ya rage na Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo. Kotso da taushi sun dushe, wani wurin sai an kasa kunne kafin a tsinci kalma, duk da haka situdiyon fiyano da kwamfuta, da duk tsabtar sautinsa, bai fitar da abin da ya ture su ba. A irin waɗannan makin wasa yana sama, makin ɗauka yana ƙasa, adalci kuma shi ne a faɗi duka biyun. Abin yin hattara shi ne gudu. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a sakan. Rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin ɗauka takan ja shi a hankali, idan aka kunna a lafiyayyar na'ura sai waƙar ta yi sauri, murya ta sirance. Kafin a ce wane siririyar murya gare shi ko yana da gaggawa, sai an gwada kofi fiye da ɗaya.

Inda manyan lambobi suke da hujja ta gaske shi ne ɗaukar farko da kuma adanawa. Bit 24 yana ba mai ɗauka sarari: zai iya sassauta ƙarfin shigar sauti ƙwarai don kada harbin bindiga ko tashin algaita su fasa shi, kuma gangar da ke can baya ba za ta nutse ba. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a kwafe tsohon faifai ko tef a ƙasa da awo 48,000 da bit 24, manyan ma'adanai da yawa kuma 96,000 suke amfani da shi, a fayil da ba a matse ba. Dalilinsu shi ne tef ba zai jure a yi ta kunna shi ba, kuma duk gyaran da za a yi nan gaba daga wannan kofin za a yi shi.

Wani ɓangare na kiɗan Hausa ya yi sa'ar wannan kulawa tun farko. Ba'amurke David Ames ya naɗi makaɗan Zazzau a farkon shekarun 1960, aka fitar da su a fayafayai biyu cikin jerin UNESCO na kiɗan Afirka, shi da Anthony King kuma suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya naɗi manyan mawaƙa da dama. Makaɗan ƙauyukan Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada kuwa, abin da aka ɗauka nasu galibi a kaset yake, cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin kwano mai zafi da bazara mai raɓa da damina, inda tef ke yin fumfuna yana manne wa juna. Aikin ceto shi ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Sai an nemo kofin da ya fi kusa da na asali, a goge kan rikoda, a daidaita karkatarsa har saman sauti ya buɗe, a tabbatar da gudun, sannan a kwafe sau ɗaya ba tare da an share komai ba. Daga wannan uwar ake cire ƙaramin fayil na memori. A jikinta kuma a rubuta sunan uban kiɗi da garinsu, da shekarar da aka ɗauka, da bikin wa ne, da taken wa aka kaɗa, da sunayen 'yan amshi da masu ƙananan ganguna, waɗanda a yawancin tsofaffin kaset ana jin su amma babu inda aka rubuta su.